Kunkuru Mai Giya Huɗu

Ku 'yan matan yanzu da ke shiga mota ku murɗa makulli, ku taka abu ɗaya ta tafi, ku taka ɗayan ta tsaya, sannan ku fito kuna kaɗa makullin a yatsa wai kun iya tuƙi, ku matso kusa. Ni ce Asabe, wadda duk Dutse Uku ke kira Goggo Direba. Ban taɓa zama a aji ba. Ko sunana aka rubuta aka ajiye a gabana, sai dai in gaishe shi in wuce. Amma matan da suka koyi mota a hannuna a garin Jos, in aka ce su taru rana ɗaya, sai an ari filin ƙwallo. Kuma dukansu a mota ɗaya suka koya, wato Kunkuruna.

In ba ku san Kunkuru ba, ita ce motar nan mai doro, mai ƙofa biyu, wadda aka yi wa komai a juye: inji a baya, wurin kaya a gaba. Ba ta shan ruwa, iska ke sanyaya ta. In ta tashi, ƙararta sak injin markaɗe, tun ina kwanar masallaci matan layinmu ke sanin na dawo. Tawa da fari ruwan ƙwai ce, daga baya rana da ruwan saman Jos suka mayar da ita kalar koko. Maigidana, marigayi Malam Sule, ya saye ta a hannun wani akawun kamfanin kuza da ya ajiye aiki zai koma garinsu. Malam direban babbar mota ne, dankali yake kaiwa kudu, sai ya yi kwana goma ba ya gida. Kunkuru kuwa in ta kwana uku ba a tashe ta ba, batir ya kwanta. Don haka ya nuna mini yadda ake murɗa makulli, ya ce, "Tashinta kawai za ki riƙa yi duk safiya. Kada ki taɓa komai."

Kwana uku ban taɓa komai ba. Rana ta huɗu na taɓa. Da Malam ya dawo, ya tsaya ya kalli katangar maƙwabcinmu, ya kalli goshin Kunkuru, sannan ya kalle ni. Ya ce, "Tun da kin fara, gara ki iya, katangar mutane ta huta."

Koyarwarsa ba ta da yawan surutu. Cewa yake, "Ki saurare ta. In muryarta ta yi sama kamar za ta yi kuka, giya ta gaba take nema. Ƙafar hagu ta danna kuloci, hannu ya canza, sannan ki saki ƙafar a hankali kamar kina kwantar da jaririn da ya yi barci a bayanki." In na saki da gaggawa motar ta yi tsalle ta mutu, ba ya faɗa, sai ya ce, "Kin tashe shi." Wata biyu yana zama gefena duk ranar da yake gari, har ƙafata ta hagu ta daina jiran umarnina. Da ta ji kukan inji, da kanta take sauka.

Mama Bose ce ta fara ɗaukata aiki. Bayarabiya ce mai shagon atamfa a Nasarawa Gwom. Ta gan ni wata rana na shigar da Kunkuru da baya tsakanin teburin mai nama da baron mai lemo, ban shafi ko ɗaya ba. Ta fito daga shago tana tafa hannu, da irin Hausarsu ta Jos wadda mace da namiji duk ɗaya ne: "Madam, wa ya koya maka? Zo ka koya mini. Direba na yana shan mai na kamar shayi." Wata uku muka yi da ita. Daga ita sai ƙawayenta, daga su sai matan ma'aikata. Amma kasuwata ta gaske a Gangare ta buɗe, bayan rasuwar Malam. A can akwai alhazan da ke son matansu su riƙa kai yara makaranta da asibiti, amma ba za su yarda wani ƙato ya zauna gwiwa da gwiwa da matar yana ce mata "saki a hankali" ba. Ni kuwa mace ce, ga furfura ta fara leƙowa, ba wanda ya ga laifi.

Kayan aikina ba su da yawa. Matashi biyu, don gajeru su hango hanya. Dutse guda mai faɗi a bayan kujera, na tare taya. Gwangwanayen madara shida da nake jerawa a fili don koyon komawa da baya. Tsumma, domin da damina gilashin Kunkuru gumi yake, sai ana gogewa ana tafiya. Sai hannuna na hagu, wanda ba ya barin birkin hannu tun daga tashi har tsayawa, shi ya raba matan Jos da yawa da faɗawa kwata. Kafin mace ta zauna, sai ta ɗaure mayafinta tamau, don na taɓa ganin gyale ya naɗe sandar giya muna tsakiyar shataletale. Mai jiki ba ta zama a baya, saboda batir a ƙarƙashin kujerar yake. Wata 'yar rakiya ta taɓa zama a kai, ƙauri muka fara ji kafin ita ta ji zafi. Takalmi kuma a cire. Kuloci da tafin ƙafa ake jin sa.

Wata shugabar makarantar firamare, Madam Rifkatu, ta taɓa zuwa mini da littafi, duk alamomin hanya ta haddace su. Ranar farko ta tambaye ni, ni da ban yi boko ba, yaya nake gane allon da ke bakin titi. Na ce zane ne, ko akuya ta daɗe a hanya tana gane shi. Muka fita, motar ta mutu mata sau bakwai tsakanin fili da gidan mai, 'yan tasi na ta danna mata ham. Ta juyo ido ya yi ja ta ce, "Goggo, me zan yi?" Na ce ta duba littafin. Daga ranar a gida take barin sa, kuma ta zama direba ta kirki.

Takalman nan da ake cirewa suna da aikinsu. Ranar ƙarshe nakan kai mace hawan nan na bayan Dutse Uku, in sa ta tsaya a tsakiyarsa, hancin mota na kallon sama. In fita in ajiye takalminta bayan tayar baya, taƙi ɗaya tsakani, in ce ta tashi. In motar ta zame baya ko kaɗan, takalmi ya tafi. Na ga matar da ba ta yi hawaye ranar da ta bugi tunkiya ba, ta yi kuka wiwi a kan takalmin Dubai. Amma ba wadda ta taɓa asarar takalmi sau biyu. Mace ɗaya ce tak ta tashi a hawan nan karon farko ba tare da tayar ta motsa baya ba: Bilkisu, 'yar wani tela a unguwarmu, ta gama karatun malanta tana zaune ba aiki. Na ce a raina yarinyar nan za ta yi nisa. Ban san ta kaina za ta bi ba.

Shekarun da wayar hannu ta shigo gari, kowa na yawo da ita manne a kunne, yayan Bilkisu ya kawo mata 'yar ƙaramar mota daga Kwatano. Ja ce, gajeriya, kamar an yanke mata gindi. Otomatik. Ta fara koya wa mata a filin makarantar nan inda ni ma nake koyar da mota, ita a gefen gabas, ni a yamma. Ta zo har gida ta durƙusa ta nemi albarka, na sa mata, don ban ɗauka abin zai wuce wata uku ba.

Gaskiya zan faɗa a kan motar nan, ko da ba ta yi mini daɗi ba. Sitiyarinta da yatsa ɗaya ake juya shi, na Kunkuru sai kin ci tuwo kin ƙoshi. Gilashi da maɓalli yake sauka. In ana sanyi ta hura zafi, in ana zafi ta hura sanyi. A Kunkuru abin da Allah ya saukar shi za ki sha. Da safe cikin sanyin Jos murɗa ɗaya take tashi, tawa sai an lallashe ta kamar tsohuwar da aka ɓata wa rai. Mai kaɗan take sha. In ba ki ɗaura bel ba ta yi ta tsiwa kamar ɗan tsako har sai kin ɗaura. Amma cikinta a ƙasa yake, duk dutsen da ya leƙo a hanyar unguwa sai ya gaisa da ita. Jikinta in kin jingina da ƙarfi sai ya lotsa. In batirinta ya mutu ba a tura ta, zama ake a jira mai taimako. Ni kuwa a bakin gangara nake kwanar da Kunkuru, in saki birki, in sa ta biyu, ta farka da kanta. Tata in ta yi ciwo sai an nemo mai na'ura, tawa bakanike da sifana ɗaya da guntun waya ya gama. Babban bambancin dai a ƙasa yake, wajen ƙafa: tawa abin takawa uku, tata biyu. Babu kuloci. Mace ta yi sati biyu a hannun Bilkisu, sai ki gan ta a kasuwa tana neman wurin ajiye mota.

Na rasa 'yan ɗalibai, ban damu ba, don yawancin motocin da ke gidajen alhazai a lokacin masu giya ne, dole a biyo ta wurina. Abin da ya kusa kashe mini sana'a ba motar ba ce. Kalma ɗaya ce.

Ina da wata ɗaliba Rabi, matar wani alhaji mai shagon kayan gini a Gangare. Mahaifiyar mijinta, Hajiya Yalwa, tsohuwa ce da ta ba ni shekara kusan ashirin. Ba ta taɓa zama a gaban mota ba, kullum baya, ido a rufe, carbi a hannu. Kunnenta ɗaya ya yi nauyi, amma ɗayan yana jin abin da ake faɗa a gida na uku. Ba suna, ba biki, ba zaman makoki a Gangare da ake yi ba da ita ba. Wata rana Rabi na tsakar gida tana waya da 'yar'uwarta, tana ba ta labarin koyon mota. Ga abin da kunnen Hajiya mai lafiya ya ɗauka: "Wallahi da farko tsoron giyar nake, amma Goggo ta ce sai na saba. Jiya har ta huɗu na kai. Kaina sai da ya juya, amma fa akwai daɗi."

Kun san giya biyu ce a bakin Bahaushe, ta mota da wadda ake sha a kwalba. Hajiya Yalwa ɗaya ta sani.

Ba ta tambayi Rabi ba, hana ta fita kawai ta yi. Ɗanta ya yi dariya ya yi mata bayani, ta ce shi ma an rufe masa baki. Don a zauna lafiya ya ce wa matarsa ta haƙura. Kafin Juma'a biyu zance ya zaga Gangare ya hauro Dutse Uku. Matan da suka san gaskiya sun yi dariya, amma labarin ya yi musu daɗi, sai suka ƙara masa gishiri suka miƙa gaba. Maza kuwa duk sun san giyar mota, rabinsu direbobi ne. Amma wa zai so a ce a majalisa matarsa na zuwa wurin matar nan da ake magana a kanta? Ɗaya bayan ɗaya aka riƙa aiko mini, "Goggo, a ɗan dakata tukuna." Daga mata tara na koma biyu, su ma matan coci ne da zancen bai kai unguwarsu ba. 'Yan acaɓa in na tsaya a mararraba sai su leƙo ta taga, "Goggo, yau ta nawa aka kai?" Da damina ta kankama, Kunkuru sai ta kwana uku ba ta fita, na koma tashinta duk safiya don kada batir ya kwanta. Wannan ita ce shekarar da ban taɓa ganin irinta ba.

A cikin haka na ga an yi rubutu da farin fenti a ƙofar motar Bilkisu. Na ɗauka sunanta ne. Sati uku ina wucewa ina ɗaga mata hannu, har na ce mata rubutun ya yi kyau, ta sunkuyar da kai ta ce na gode. Mama Bose ce ta biyo ta filin wata rana, ta tsaya ta karanta, ta riƙe ƙugu.

"Asabe, ka san abin da yarinyan nan ya rubuta?"

Na ce sunanta.

"Ba sunan shi ba ne. Ya ce, koyon mota, babu giya."

Ban ce wa Bilkisu komai ba. Ba ita ta ƙirƙiro zancen ba, samun sa ta yi a hanya ta hau. Wadda ta ƙulla ita za ta kwance. Washegari da hantsi na wanke Kunkuru, na ɗaura atamfar zuwa biki, na nufi Gangare. Lungun gidan su Hajiya Yalwa ƙunci gare shi, amma Kunkuru ta shige har ƙofar gida, madubi na shafar bango.

Na yi sallama, na durƙusa na gaishe ta yadda ake gaida babba. Ta amsa da ƙyar tana kallon bango.

"Hajiya, ni ce Asabe mai koya wa mata mota."

"Na san ki. Tsaya daga nan, kada ki hau mini tabarmar salla."

"Na ji ana ta magana, na ce bari in zo da ƙafata."

"Tambaya ɗaya zan yi miki, ki ji tsoron Allah. Zancen giyar nan, gaskiya ne ko ƙarya?"

Da na so, a nan zan yi mata bayani. Amma ɗan da ta haifa ya yi ba ta ji ba, nawa za ta ji? Sai na sunkuyar da kai na ce, "Gaskiya ne, Hajiya."

Carbin ya tsaya cak. "Kina ba matan mutane?"

"Da hannuna nake ɗora hannunsu a kanta."

"Tun yaushe?"

"Tun Malam na da rai. Shi ya koya mini."

Ta yi salati. "A ina kike ɓoye ta?"

"Ba na ɓoyewa. Tana cikin mota, tsakanin kujeru biyu. Yanzu haka tana ƙofar gidanki."

Tsohuwar da ake cewa ciwon gwiwa ya hana ta hawa dakali ta miƙe ba sanda. Ta ƙwala wa Rabi kira, ta ce ta zo ta zama shaida, yau za a kama ni da kaya a hannu. Na karya kujera Rabi ta shige baya. Hajiya ta sunkuya ta laluba ƙarƙashin kujera, ta jawo gwangwanayena ta shinshina su ɗaya bayan ɗaya. Na ce a tsaye ba a ganinta, sai an zauna. Ta zauna. Na rufe mata ƙofa, na zaga na shiga, na murɗa makulli. Sannan na kamo hannunta na ɗora a kan sandar, na ɗora nawa a sama.

"Ga ta nan."

"Wannan ƙarfen?"

"Ita ce giya. Wannan ta ɗaya."

Muka fita daga lungu, idonta a runtse. Na ja hannunta baya. "Ta biyu." Da muka hau titi na tura shi gaba. "Ta uku." Ta buɗe ido ɗaya. Ta ga masu rake da masu tumatir suna wucewa ta gabanta, abin da ba ta taɓa gani daga kujerar baya ba, sai ta buɗe ɗayan.

"Ina ta huɗun, wadda ta juya wa Rabi kai?"

"Sai hanya ta yi faɗi, Hajiya."

Da hanya ta yi faɗi na sa mata. Iska ta shigo ta 'yar tagar gefe ta ɗaga mata mayafi. Mun yi tafiya mai ɗan nisa hannunta na nan a kan sandar, har na janye nawa ba ta janye ba. Can ta ce, "Akwai ta biyar?"

"Babu, Hajiya. Huɗu aka yi mata."

Rabi na baya ta cusa mayafi a baki, kafaɗunta na rawa.

Tsohuwa irin Hajiya Yalwa ba ta cewa ta yi kuskure, ni ma ban nema ba. Abin da ta ce shi ne, "To ita yarinyar da aka ce tata babu, kai ni in gani." Bincike ta fito, sai ta ƙarasa shi.

Muka iske Bilkisu a fili. Da ta ga wadda ke fitowa daga Kunkuru, ta sallami ɗalibarta ta zo ta durƙusa. Hajiya ta zaga jar motar, ta ƙwanƙwasa ƙofar da ke da rubutu, ta buɗe gaba ta zauna kamar ta shekara tana yi. Motar ta fara tsiwarta, Bilkisu ta ɗaura mata bel. Hajiya ta dubi tsakanin kujeru, ta nuna da baki.

"Wannan fa?"

"Hajiya, ita ma dai giya ce. Amma sau ɗaya ake sa ta. Motar ce ke canzawa da kanta a ciki."

"A ciki. Ba mai gani."

"E, Hajiya."

"Wato ta Asabe a fili take, taki a ɓoye. Kuma aka ce kin rubuta babu."

Sai Bilkisu ta ce bari ta ɗan zaga da ita ta ji daɗin motar. Da na yi shiru a nan, da na ci nasara da mutuncina. Amma girman kai ya ja ni. Na ce, "Matsa. Ni na koya miki riƙe sitiyari, ni zan ja Hajiya." Ban taɓa zama a kujerar otomatik ba, kuma Bilkisu ta sani. Ta shiga baya ita da Rabi, ta miƙo hannu ta sa mini sandar inda ya kamata.

Motar ta tafi sumul. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗinta, kamar ana jan ki a kan katifa. Na ƙara totur. Muryar inji ta yi sama. Ƙafata ta hagu, wadda ta fi shekara talatin ba ta neman iznina, ta sauka da dukkan ƙarfinta tana neman kuloci. Babu kuloci. Birki ne a wurin, mai faɗi kamar faranti.

Motar ta kafe. Goron bakin Hajiya ya manne a gilashi, ɗankwalina ya rufe mini ido, Rabi da Bilkisu suka taho gaba gaishe mu. Allah ya sa akwai bel. Na gyara zama kamar ba abin da ya faru, na sake takawa. Ba mu kai gindin bishiyar mangwaro ba inji ya sake kuka, ƙafa ta sake sauka. Wannan karon carbi ne ya tashi.

"Tsaya," in ji Hajiya, alhali a tsaye muke. "Kwance mini igiyar nan."

Ta fito tana dafa ƙofa, ta gyara mayafi, ta karɓi carbinta, ta dubi Bilkisu. "'Yar nan, ni dai na shiga mai giya huɗu, ta kawo ni har nan ko tangaɗi ba ta yi ba. Taki da aka ce babu, ita ce a buge. Asabe, mayar da ni gida a mai hankalin."

Na fito ina ɗaura ɗankwali, na kalli jar motar na girgiza kai kamar mai tausayinta. Na ce, "Kayan zamani ke nan, Hajiya." Ban ƙara ko kalma ba.

Kwana biyu bayan haka aka yi suna a Gangare, Hajiya Yalwa ta zauna a tsakiyar mata ta ba da labari. Ita da kanta ta je ta bincika, in ji ta, ta riƙe giyar da hannunta har ta huɗu, ƙarfe ne, kuma mutanen yanzu ba su da aiki sai yi wa baiwar Allah ƙage. Ba wadda ta tuna mata wa ya fara. Ranar Litinin Rabi ta dawo, da ƙanwar mijinta da wata maƙwabciyarsu. Kafin ruwa ya ɗauke, sai da na riƙa ce wa wasu su jira wata mai zuwa. Bilkisu ma ba ta yi asara ba: mata suka riƙa zuwa kallon motar da ta bugu, wasu suka shiga don su gwada, suka ji sanyin ciki suka zauna.

Wata la'asar sai ga Bilkisu a gidana, yatsunta duk jan fenti. Ta durƙusa ta gaishe ni.

"Goggo, na shafe rubutun."

"Na gani. Ya fi kyau."

Ta shiga wasa da bakin mayafi. "Goggo, ranar nan daidai bayan Hajiya nake zaune. Daga wurin ana hango ƙafar direba."

"Me kika hango?"

"Ta hagu. Sau biyu."

Na kalle ta, ta kalle ni. Na ce, "To, ai ga fenti nan a hannunki. Je ki rubuta a ƙofa."

Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ba ta rubuta ba, ba ta kuma gaya wa kowa ba, yau ne na fara faɗa da bakina. Hajiya Yalwa kuwa har ta koma ga Allah ba ta sake shiga jar mota ba.